Lambar da ke goshin jirgi: yadda ake bin sawun tsohon hoton soja har a gano rundunarsa

Cikin hotunan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, waɗanda aka fi yi wa ƙage su ne na ƙananan jiragen ruwan da ke sauke sojoji a gaɓar teku. Da an ga jirgi mai shafaffen ciki, ƙofar gabansa ta faɗi kan yashi, maza na fitowa da bindigogi, sai a rubuta a ƙasa: Nomandi, 6 ga Yuni 1944, wato ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar arewacin Faransa. Alhali wasu a wajen atisaye aka ɗauke su a Sukotilan, wasu a tsibirin Sisili a 1943, wasu kuma a gaɓar Arakan ta ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau, a farkon 1945, inda sojojin Najeriya da na Gwalkwas, wato Gana ta yau, suka yi gumurzu da Japanawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su matuƙan jiragen. Ana tuna sojan da ya taka gaɓa, ana manta wanda ya kai shi, ya juya ya koma ya ɗauko wasu cikin ruwan harsashi. A wajen Birtaniya, tun daga 1943 da yawa daga cikin matuƙan nan 'yan Royal Marines ne, sojojin ƙasa da ke ƙarƙashin rundunar ruwa. A shekarar ne aka wargaza babbar rundunarsu, aka mai da wasu kwamandos, aka koya wa wasu tuƙin jiragen sauka. Ayarinsu ƙanana ne, ana kafa su a rushe su cikin 'yan watanni, shi ya sa sawunsu ke da wuyar bi. Amma yana biyuwa, in an bi a hankali.

Fara da takardar hoton, kafin abin da ke cikinsa

Kada ka kai tsohon hoto a lulluɓe shi da leda mai zafi. Zafin yana lalata fuskar hoton, kuma in an manne ba a ɓarewa. Kada ka yi rubutu a bayansa da biro. In hoton na manne a alabam, bar shi a nan, domin jerin da mai alabam ya yi shi ma shaida ne: hoton da ke gaba da wanda ke baya sukan faɗi wuri da lokaci.

A ɗauki kwafinsa da na'urar sikana a kan ƙarfin 600 dpi aƙalla, in ƙaramin hoto ne 1200. A ɗauki gaba, a ɗauki baya, har da gefuna. In waya kaɗai ke hannunka, shimfiɗa hoton a inuwa da rana tsaka, kashe filasha, ka riƙe wayar daidai a samansa. Ajiye kwafin farko yadda yake, ka yi aiki da na biyu. Manhajojin da ke sa wa tsohon hoto launi ko su "gyara" fuska ba su da wuri a wannan aiki. Suna ƙirƙiro abin da babu, suna iya mai da 3 ta koma 8, kuma lamba ɗaya tak da ta sauya za ta kai ka wani jirgi dabam a wata nahiya dabam.

Bayan hoto yakan fi gabansa magana. Nemi hatimin mai ɗaukar hoto da garinsu, hatimin jami'in tace wasiƙu, ko wata lamba mai harafi a gaba. Hotunan gwamnati da ke ajiye a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museums a Landan suna da irin wannan lamba: harafin A na hotunan rundunar ruwa ne, B na sojojin ƙasa a arewa maso yammacin Turai, SE na kudu maso gabashin Asiya, IND na Indiya. In ka ga irinta, rubuta ta a shafin binciken gidan tarihin a intanet, sau da yawa bayanin asali zai fito kyauta. Gwada kuma Google Lens ko TinEye tun da wuri, don ka san ko hoton na gidanku ne kaɗai, ko kuwa kwafi ne da aka buga dubbai aka sayar wa sojoji.

Duba kuma ko an wanke hoton a juye. Rigar namiji ɓangaren hagu ne ke hawa kan dama, kuma bajon hular sojan Birtaniya mai laushi a saman idon hagu yake zama. In ka ga akasin haka, juya kwafinka kafin ka karanta kowace lamba.

Wane irin jirgi ne

Iri huɗu ko biyar za ka fi cin karo da su. LCA na Birtaniya ne: tsawonsa kamar mita 12 da rabi, gajere ne a kan ruwa, ƙofar gabansa siririya, bayanta kuma akwai ƙyamare biyu na ƙarfe. Mutum huɗu ke tuƙa shi, yana ɗaukar sojoji talatin da 'yan kai, kuma matuƙin a gaba yake zama, ta hannun dama. LCVP na Amurka ne, wanda kamfanin Andrew Higgins na New Orleans ya ƙera: ƙofarsa ta kusa cinye faɗin goshin duka, gefensa ya fi tsawo, matuƙin a baya yake tsayawa ta hagu, yana ɗaukar mutum 36. Wannan bambanci na ƙofa da mazaunin matuƙi shi kaɗai ya isa ya raba rabin hotunan da ake rikitawa.

LCM ya fi su girma, yana ɗaukar mota ko tankar yaƙi guda, ɗakin matuƙinsa ɗan akwati ne a can baya. LCT babba ne mai ɗaukar tankoki da yawa. Guda da ya rage daga waɗanda suka je Nomandi, LCT 7074, yana nan a ajiye a Southsea ta birnin Portsmouth, kuma hotunansa na yanzu suna taimakawa wajen gane sassan jirgi. LCI kuwa mai tsinin goshi ne, a yawancinsu sojoji ta tsani biyu suke sauka, dama da hagu. Akwai kuma masu manyan bindigogi, LCG da LCF, waɗanda sojan ruwa ke tuƙawa, 'yan Royal Marines ke harbi.

Lambar, da tarkunan da ke cikinta

A nan aikin yake. Kowane jirgi yana da lambarsa a goshi, wani lokaci har a baya. Ƙara girman kwafinka, ka rubuta abin da idonka ya gani kawai. In lamba ta uku ta dushe, rubuta 7, 8, sai alamar tambaya. Kada ka cike gurbin da zato, domin da ka rubuta zato sau ɗaya, gobe kai ma za ka ɗauke shi gaskiya.

Tarko na farko: ba kowace lamba ce lambar jirgi ba. A saukar Nomandi an ba jirage wata lamba ta jerin lodi, wadda ke nuna wa sojoji jirgin da za su shiga, ana rubuta ta a allo a rataya a gaban ɗakin matuƙi. Ta ranar ce kaɗai, ba ta jirgin ba. In ka samu biyun a hoto ɗaya ka yi sa'a, domin ta lodin tana kai ka ga rundunar da aka ɗauka, ta goshin tana kai ka ga matuƙan.

Na biyu: Amurkawa sukan rubuta wa ƙananan jiragensu lambar uwar jirgin da ke goya su. In ka ga PA26 sai wata lamba bayan ɗan layi, ma'anarta jirgin ƙarami ne na babban jirgin APA-26, wato USS Samuel Chase. Lambar bayan layin ita ce ta ƙaramin.

Na uku: kakin fasinja ba ya faɗin ƙasar matuƙi. Sojojin Amurka na kamfanin A na rejimanti ta 116, da suka sauka a gaɓar Omaha ta Nomandi da sassafen 6 ga Yuni 1944 aka yi musu mummunar ɓarna, jiragen LCA na Birtaniya ne suka kai su, na ayari na 551 daga jirgin Empire Javelin. Wanda ya ga hular kwanon Amurka ya tafi neman matuƙan a takardun Amurka zai shekara bai samu komai ba.

Na huɗu: jami'an tacewa sukan goge lambar da gangan kafin a buga hoto a jarida. In ka ga wani farin tabo mai kusurwa a inda lamba ta kamata ta kasance, hannun mutum ne ya yi shi. Nemi wani kwafin hoton, domin wanda ke ma'ajiya wani lokaci ba a taɓa shi ba.

Da lamba ta samu, abin nema shi ne ayarin da jirgin yake ciki a lokacin. A Nomandi lambobin ayarin LCA a jerin 500 suke, na LCM a 600, na LCVP a 800. Sai dai jirgi ba ya dawwama a ayari ɗaya. In ya lalace a kai shi gyara, a ba ayarin wani, shi kuma in ya warke a tura shi inda ake buƙata. Saboda haka lambar jirgi ba tare da wata da shekara ba rabin amsa ce. Abin da ke haɗa su shi ne wani kundi da hedikwatar sojan ruwa ke fitarwa lokaci-lokaci, mai suna Green List, wanda ke nuna inda kowane jirgin sauka yake da ayarinsa. Yana ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan, ƙarƙashin lambar ADM 210.

In mutumin da kake nema ya samu lambar yabo, hanya ta yi sauƙi. Kofur George Tandy na Royal Marines, matuƙin LCA 786, sitiyarinsa ya karye tun ana sauke jirgin daga uwarsa ranar 6 ga Yuni. Ya rataya a bayan jirgin cikin ruwan sanyi, yana juya akalar da ƙafarsa har ya kai sojojinsa gaɓa ya dawo. An ba shi lambar DSM. Irin waɗannan sunaye suna cikin jaridar gwamnati ta London Gazette, wadda ake bincikawa kyauta, kuma takardar da aka nemi a ba shi yabon takan ambaci lambar jirgi da ayari da rana, abu ukun da kake nema a wuri ɗaya.

Kaki, hula da bajo

Yanzu koma kan mutanen. Bajon hular Royal Marines ƙwallon duniya ne kewaye da ganye. Kwamandos koriyar hula suke sawa, matuƙan jiragen sauka kuwa shuɗiya mai duhu da jan ƙyalle a bayan bajon. A hoton fari da baƙi launi ba ya fitowa, amma siffar ƙyallen takan fito. A hannun riga nemi tambarin rundunar haɗin gwiwa ta sojan ƙasa, ruwa da sama: anka, bindiga da gaggafa a haɗe. Ƙirga igiyoyi, biyu kofur, uku saje. Matuƙin LCA yawanci kofur ne.

Kaya suna faɗin lokaci ta fuska ɗaya kawai: suna gaya maka cewa hoton bai riga shekara kaza ba. Hular kwano mai zurfi, mai kama da ƙoƙon kunkuru, a 1944 ta fara fitowa fagen daga. Koren kakin daji daga 1943 ya yaɗu a Burma. Ƙyallen lambar Burma Star da na France and Germany Star sai a 1945 aka kafa su, don haka wanda ke ɗauke da su a ƙirji, hotonsa na ƙarshen yaƙi ne ko bayansa. Amma tsohon kaya ba ya tabbatar da tsohon hoto, domin soja yakan ci gaba da sa abin da aka ba shi har ya yage.

Kada ka dogara da kamannin fuska. Saurayi ɗan shekara ashirin cikin hular kwano yana kama da dubu irinsa, kuma zuciyar da ke son ganin kakanta za ta gan shi. Kunne, tazarar haƙori, tabo da tsagar gado sun fi "wallahi shi ne" nauyi.

Takardar aikin soja

In kana da suna da lambar mutum, nemi takardar aikinsa daga Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta shafin gov.uk. Za a nemi cikakken suna, ranar haihuwa, lamba in akwai, da shaidar rasuwa. Amsa takan ɗauki watanni, don haka aika da wuri ka ci gaba da sauran aiki. Lambar ɗan Royal Marines tana faɗin barikinsa na asali: CH/X Chatham, PO/X Portsmouth, PLY/X Plymouth.

Da takardar ta zo, za ka ga sunayen da suka fara da HMS, ka ɗauka jirage ne. Da yawa ba jirage ba ne. HMS Quebec sansanin horo ne a Inveraray ta Sukotilan. HMS Northney yana tsibirin Hayling. HMS Saunders yana Kabrit a Masar, HMS Braganza kuma a Bombay. Wanda ya fi rikita mutane shi ne HMS Copra, ofishin albashi da lissafi na rundunar haɗin gwiwa, da ke Largs. Mutum na iya kasancewa a tekun Italiya ko a Burma takardarsa na cewa Copra, kamar malamin da ke koyarwa a ƙauye amma sunansa na kan takardar albashi a hedikwatar ƙaramar hukuma. Abin dubawa shi ne ɗan rubutun da ke kusa da sunan: lambar ayari ko ta jirgi. Ita ce zaren da za ka ja.

Abin da ke Kew

Kundin binciken ma'ajiyar, mai suna Discovery, kyauta ne a intanet. Jeri huɗu za ka fi buƙata bayan ADM 210. ADM 202 littattafan aukuwar yau da kullum ne na rundunonin Royal Marines. ADM 199 rahotannin yaƙin ruwa ne, inda kwamandan ayari ke faɗin jirgin da ya nutse da wanda ya dawo. DEFE 2 takardun hedikwatar haɗin gwiwa ne. WO 172 kuwa littattafan rundunonin ƙasa ne na fagen kudu maso gabashin Asiya.

Yawancin waɗannan takardu ba a ɗora su a intanet ba. Wanda ya je da kansa katin shiga kyauta ne, kuma ana barinsa ya ɗauki hoton shafuka. Wanda ke Kano ko Damagaram zai iya biya a kwafo masa, ko ya roƙi ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ya ba shi yini ɗaya. Ko ta wace hanya, ba shi cikakkiyar lambar fayil da watannin da kake so, domin fayil ɗaya na iya kai ɗaruruwan shafuka.

Ga wata dabara da ke aiki in ƙaramin ayari bai bar littafi ba: bi ta wajen fasinja. Bataliyar da aka ɗauka tana da nata littafin, kuma a ƙarshensa akan manna jadawalin lodi mai lambobin jirage. Ga waɗanda suka rasu kuma, shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth, CWGC, yana bayar da suna, lamba, ranar rasuwa, wani lokaci har da lambar jirgi. Bincika da ranar, ka ga su waye suka rasu tare.

In hoton na mazan jiya ne na gida

Mai karatu da hoton kakansa ke hannunsa, ga inda labarin ya taɓo mu. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma suka je Burma, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Na ta 82 mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Bajon hularsu bishiyar kwakwa ce. In ɗaya daga cikin tambarin nan ya fito a kafaɗa, ka rage rabin aikin. Bataliya ta 1, 2, 3, 5, 9 da 10 ta rejimantin Najeriya suna cikin ta 82, tare da bataliyoyi uku na Gwalkwas. Ta 4 tana cikin ta 81, ta 6, 7 da 12 kuwa an ware su suka bi rundunar Chindit, mai kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944.

Gaɓar Arakan ƙasa ce ta koramu da laka da itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, hanyar mota kaɗan ce, saboda haka jiragen sauka ne ke kai mutane da kaya. Kwanakin sauka sanannu ne: Akyab 3 ga Janairu 1945, Myebon 12 ga wata, Ramree 21, Kangaw 22, sai Ruywa 16 ga Fabrairu. A Kangaw kwamandos ne suka sauka don tare hanyar Japanawan da runduna ta 82 ke korowa daga arewa, ta wajen Myohaung. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, da An, Tamandu, Arakan da Myohaung a Legas duk daga wannan fage aka ɗauko su, kuma su ne sunayen da za ka riƙa gani a littattafan WO 172. A lura, da yawa daga matuƙan jiragen Arakan 'yan rundunar ruwan Indiya ne, don haka duba kakin wanda ke riƙe da sitiyari kafin ka yanke inda za ka nema.

Wajen suna sai an yi haƙuri. Magatakardan soja yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da garinsu ko ƙabilarsa, ya zama Musa Kano ko Ali Zabarma, kuma ɗaruruwa ne ke amsa suna ɗaya. Wasu daga ƙasashen da Faransa ke mulka a lokacin suka tsallako suka shiga, aka rubuta su da garin da suka yi rajista. Lamba ce ke rabewa: NA a gaba ta Najeriya ce, GC ta Gwalkwas. Lambobin yabo na taurari da Birtaniya ta raba ba a sassaƙa suna a kansu, don haka nemi littafin sallama, takardar fansho ko katin ƙungiyar tsofaffin sojoji a cikin adaka. Waɗanda suka rasu a can, da yawa sunayensu na jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, kuma CWGC na nuna su. A gida, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, Arewa House, da gidan tarihin soja na Kumasi wurare ne da ya kamata a tuntuɓa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, suna ɗauke da labarin yaƙin da Hausa.

Kafin duk wannan, je wurin tsofaffin gida. Gaishe su, ka miƙa hoton, ka yi shiru. Kada ka ce, "Goggo, wannan ba Baba ba ne a Burma?" domin don kara za ta ce shi ne. Ka ce, "Goggo, wa kika gani a nan?" Naɗi muryarta da izininta, ka tambayi kowa shi kaɗai.

Yadda za ka rubuta abin da ka samu

Buɗe takarda ɗaya ga kowane hoto, ka raba ta gida uku: abin da ido ya gani a hoton, abin da takarda ta faɗa tare da lambar fayil da shafi, sai abin da aka ji daga baki da sunan wanda ya faɗa da ranar. Ni ba na rubuta sunan ayari ko wuri a ƙarƙashin hoto sai shaidu biyu da ba su dogara da juna ba sun yarda, misali lambar goshi da Green List, ko tambarin kafaɗa da littafin bataliya. Shafukan intanet goma da suka kwafi bayani ɗaya shaida ɗaya ce. In shaida ɗaya ce kawai, rubuta "mai yiwuwa" a gaba, ka bar ta a nan duk inda hoton zai je.

Asalin hoton a sa shi cikin ambulan na takarda, a ajiye a ɗaki mai sanyi, nesa da bango mai danshi da gara. Kwafin a ajiye shi wuri biyu, a raba wa 'yan'uwa tare da takardar bayanin. Aika ɗaya kuma ga gidan tarihin rundunar ruwa da ke Portsmouth, wanda ke riƙe da kayan tarihin Royal Marines, ko ga Imperial War Museums. A wasiƙar, sa lambar jirgin a layin farko, irin jirgin a na biyu, sannan tambaya guda ɗaya tak wadda kake son a amsa maka.